Filin Tambaya da Amsa: Nas-Nas na Sashen Gaggawa da Gajiyar da Barci Ba Ya Kawarwa

Wasiƙun wannan karon kusan duka daga ma'aikatan jinya na sashen gaggawa suka fito, wato inda ake fara kai wanda ya yi hatsari, ko ya suma, ko ciwo ya turnuƙe shi cikin dare. Mun taƙaita wasu, mun kuma sakaya sunayen masu rubutu da na asibitocinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata shida a sashen gaggawa. Da can idan aka kawo yaro a sume, jikina rawa yake yi har sai ya farfaɗo. Yanzu ko gezau. Marasa lafiya sun koma mini lambobi: gado na uku, gado na bakwai. Kwanan baya wata uwa ta tambaye ni sau uku ko ɗanta zai tashi, na daka mata tsawa, da na koma gida na yi ta istigfari. Ko hutu na yi, ranar komawa gabana faɗuwa yake yi. Zuciyata ce ta bushe, ko imanina ne ya yi rauni?
Daga wata Sista a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Sista. Wadda zuciyarta ta bushe da gaske ba ta kwana tana istigfari a kan tsawa ɗaya. Abin da ke damunki gajiyar aiki ce mai cin rai, kuma an daɗe da saninta. A 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam, Herbert Freudenberger, ya lura da ita a tsakanin masu aikin sa kai na wani asibitin kyauta a birnin Niyok, inda ya ga waɗanda suka fi kowa himma su ne ke fara lafewa. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'auninta, tambayoyi 22 da har yau ake aiki da su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta a kundinta na rabe-raben cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce, matsala ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ki lura da inda aka ɗora alhakin: a kan wurin aiki.

Alamominta uku ne. Ƙarewar ƙarfi tun kafin a soma aikin. Ja da baya daga marasa lafiya da ƙosawa da su. Sai jin cewa duk abin da ake yi ba ya tsinana komai. Ta biyun ce ta tsorata ki, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Zuciya ce ke kare kanta, don an ɗora mata baƙin cikin yau ba ta gama sauke na jiya ba.

Sashenku ya fi sauran haifar da wannan hali, kuma dalilin yana cikin tsarinsa. Ɗakin kwanciya yana iya cewa gado ya cika, ku kuwa ba ku da wannan damar. Ba ki san ko nan da awa ɗaya mutum biyu za a kawo ba ko motar fasinja guda. Tun 1979 wani masani, Robert Karasek, ya nuna cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne mai nauyi da yawa wanda mai yin sa ba shi da ta cewa a kansa. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: ba kwa ganin ƙarshen labari. Wanda kika ceto an wuce da shi ciki, can zai warke, can zai yi godiya. Wanda ya rasu shi ne ke zama a idonki. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 17 na tsawon shekara 25 ya gano kusan kashi 26 cikin 100 na nas-nas na sashen gaggawa suna cikin wannan hali.

Yanzu ki bambance abu uku. Gajiya ta yau da kullum barcin dare biyu yana raba ki da ita. Gajiya mai cin rai tana manne da aikin: a wajen biki ko cikin yaranki kina dariya, sai an ambaci duti ranki ya ɓaci. Ciwon damuwa kuwa ko'ina yana bin ki. Idan sati biyu ko fiye komai ya daina yi miki daɗi, abinci ya fita ranki, kina farkawa tun kafin asuba barci ya ƙi dawowa, kina ganin kanki ba ki da amfani, to magana ta wuce aiki. Takardar PHQ-9, wadda ake auna ciwon damuwa da ita, tambaya tara ce, minti biyar ta ishe ki. Maki 10 ko fiye yana nufin ki ga likita. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar za ki faɗa wa likita, ba gobe ba. Ki kuma duba yawan jininki, suga, hawan jini da tayirod, don ƙarancin jini kaɗai yana iya sa mace ta ji duniya ta yi mata nauyi.

Idan gajiyar aikin ce, ki karɓi hutunki na shekara, aƙalla sati biyu a dunƙule, ba kwana bibbiyu ba. Ki nemi a ɗauke ki daga ɗakin farfaɗowa na 'yan watanni. Abu ƙarami kuma da ke aiki: ki karanta sunan da ke kan kati ki kira shi kafin ki taɓa mutum. Ga uwa irin waccan, jimla ɗaya ta wadatar: "Mama, muna kansa, zan dawo miki da bayani nan da minti ashirin." Sai ki dawo ɗin. Addu'a ki ci gaba da ita, amma kada kowa ya ce miki haƙuri ne kawai maganin abin da tsarin aiki ya jawo.

Tambaya: Dare bakwai ake ba mu a jere, daga tara na dare zuwa takwas na safe. Idan na dawo gida barci ba ya zuwa: ga zafi, ba wuta, ga yara, ga masu sallama. Shayi nake sha ina cin goro don in kai safe. Wata abokiyar aikina ta ce in riƙa shan rabin diazepam idan na dawo. In sha?
Daga wata Sista a Gusau

Amsa: Kada ki fara, Sista. Diazepam yana daɗewa a jiki. Sai an kwana ɗaya zuwa biyu kafin rabinsa ya bar jini, ke nan wanda kika sha da safe yana tare da ke a daren da kike lissafin maganin jariri. Cikin 'yan makonni jiki yana sabawa da shi, rabi ya koma ɗaya, ɗaya ya koma biyu, kuma yanke shi lokaci guda yana iya kawo jijjiga.

Gyaran yana farawa tun kafin daren farko. Ki kwanta awa ɗaya da rabi tsakanin azahar da la'asar. In ba haka ba, wadda ta tashi tun asuba za ta kai ƙarfe huɗu na dare ta yi kusan awa 23 ido biyu. Binciken da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa bayan awa 17 ba barci, kaifin hankali da saurin hannu suna raguwa zuwa matakin wanda ya sha giya har iyakar da ƙasashe da dama suka hana tuƙi. Tsakanin ƙarfe uku da biyar na dare jiki ya fi lafewa, don haka duk allura mai haɗari a wannan lokaci, insulin ce, fotasiyam ne ko maganin yaro, ku duba ta ku biyu.

Shayinki da goronki su ne rabin matsalar barcin safe. Sinadarin kafin da ke cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya fita. Kofin da kika sha ƙarfe huɗu, rabinsa yana nan ƙarfe tara lokacin da kike juyi a kan gado. Ki sha a farkon dare, ki tsaya da misalin ƙarfe biyu. Iyakar babban mutum a yini miligiram 400 ce, mai juna biyu 200. Kofin shayi yana da kamar 40 zuwa 50, kofin Nescafé kamar 60 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari kamar 80, goro ma yana cikin lissafi.

Babban abincinki ki ci shi kafin ki fita. Indomie da ƙwai ƙarfe biyu na dare barci zai saukar miki a wurin aiki, ya bar ki da ƙwannafi da safe. Dabino, gyaɗa, ayaba ko kindirmo sun fi. Ruwa kuwa ki sha. Nas-nas da yawa suna ƙin sha don gudun shiga bandaki, sai su tashi da ciwon kai su ce gajiya ce. Idan an samu sarari, ku yi karɓa-karɓa kowa ta runtsa minti 20. Idan ya wuce rabin awa za ki tashi da nauyin kai, kuma ko gajere ne ki ba kanki minti goma kafin ki zuƙi allura.

Da safe ki sa baƙin tabarau a hanya, don hasken rana yana gaya wa jiki gari ya waye. Idan ido yana rufewa ki hau adaidaita, kada ki yi tuƙi. Ki sha koko ko kunu, ki watsa ruwa, ki kwanta kafin goma tun ɗaki bai ɗau zafi ba. A rufe taga da labule mai kauri ko bargo, a jiƙa zane a rataya gaban fanka mai caji, waya a kashe mata ƙara a bar ƙararrawar azahar kawai. Kin yi salla kin ci abinci, ki sake kwanciya zuwa la'asar. Abin da ake nema shi ne jimillar awa bakwai, ko da a rabe. Wannan ba zai yiwu ba sai an yi magana a gida ƙarara: wa zai ɗauko yara, wa zai ɗora tukunya, wa zai ce wa baƙi tana barci. Ranar da kika gama daren ƙarshe, ki yi barcin awa uku ko huɗu kawai, ki tashi ki fita cikin rana, don ki samu na dare.

Batun dare bakwai ɗin kansa, ki karanta amsa ta gaba.

Tambaya: Ni ce ke shugabantar nas-nas a sashen gaggawa na wani babban asibitin jiha. Gado 20, ma'aikata 16 yanzu, huɗu sun tafi bara ba a maye gurbinsu ba. Waɗanda suka rage kullum cikin faɗa da juna da takardar rashin lafiya. Hukuma ta kawo mana mai lacca a kan yadda ake sarrafa damuwa, aka sha lemo aka watse. Me zan iya yi da rosta da abin da ke hannuna?
Daga wata shugabar sashe a arewa maso gabas

Amsa: Ranki ya daɗe, lacca ba ta ƙara hannu a kan gado. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki sun ba da shawarar gyara tsarin aikin kansa da horar da shugabanni, ba koya wa ma'aikaci juriya kaɗai ba.

Ki fara da lissafi, don shi hukuma ke ji. Mutum 16, kowa awa 40 a mako, awa 640 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin biyar na hutun shekara, haihuwa, rashin lafiya da kwas, saura 512. Mako awa 168 ne. Ki raba, za ki ga nas uku ne a tsaye a kowane lokaci. Ɗaya ta zauna teburin tantancewa, inda ake ware wanda za a fara dubawa, biyu su raba gado 20. Idan ana son biyar a tsaye dare da rana, sai an samu mutum 27. Don kwatance, dokar jihar Kalifoniya ta Amurka da ta fara aiki a 2004 ta ce a sashen gaggawa nas ɗaya ba ta wuce mutum huɗu, masu tsanani biyu, wanda ya yi mugun rauni ɗaya. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ya nuna duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara yiwuwar mutuwar majinyaci cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100, yana ƙara yiwuwar gajiya mai cin rai ga nas ɗin da kashi 23. Tafiyar ma'aikatanki ma ba ke kaɗai ta shafa ba: a Fabrairun 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku.

Sannan ki buɗe littafi na wata ɗaya: mutum nawa ake kawowa kowace awa, nawa suka wuce awa 24 suna jiran gado a ciki, duti nawa aka yi ba wanda ya samu hutun cin abinci. Littafin zai nuna miki cunkoso yana da lokacinsa, sau da yawa daga la'asar zuwa bayan isha, da ranar kasuwa, da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro. Maimakon raba mutane daidai wa daida a kan duti uku, ki ƙirƙiri duti na huɗu, mutum ɗaya daga huɗu na yamma zuwa goma na dare. Littafin zai kuma nuna cewa yawancin nauyinku ba daga masu shigowa yake ba, daga waɗanda aka gama da su ne aka rasa inda za a kai su. Wannan matsalar asibiti ce gaba ɗaya, a teburin shugaban asibiti ake warware ta.

A rostar kanta, juyin ya bi rana: safe, yamma, dare, hutu. Kada a samu ƙasa da awa 11 tsakanin duti biyu. Wadda ta tashi tara na dare ta dawo takwas na safe tana kan iyaka, kuma a cikin awannin ne za ta yi tafiya, girki da barci. Dare a jere kada ya wuce uku ko huɗu. Nazarin Folkard da Tucker na 2003 ya nuna haɗarin kuskure da rauni a wurin aiki yana hawa idan aka kwatanta da daren farko: kashi 6 a na biyu, 17 a na uku, 36 a na huɗu. Wani binciken na 2004 a Amurka ya gano kuskure yana ninkawa kusan sau uku idan dutin nas ya kai awa 12 da rabi, don haka "ki ɗan tsaya, mai karɓarki ba ta zo ba" ba ƙaramin abu ba ne.

Ki sani za a yi miki turjiya. Da yawa suna son dare bakwai saboda dogon hutun da ke biye, da shi suke zuwa ganin iyali a wani gari ko su yi aiki a asibitin kuɗi don albashi ba ya kaiwa. Kada ki yi musu dole. Ki gwada sabon tsarin wata uku da masu so, a kwatanta. Masu haɗa aiki biyu kuma ki gaya musu gaskiya: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100.

Sauran ba sa cin kuɗi. Rosta ta fito wata ɗaya kafin lokaci. Sallah, Kirsimeti da ƙarshen mako a rubuta su a fili a riƙa juyawa, don zargin son kai ya fi yawan aiki haddasa faɗa. A wajen miƙa duti a faɗi lokacin hutun kowa da wadda za ta riƙe mata. Mai teburin tantancewa a canza ta duk awa huɗu, don ita ke shan zagi. Ɗauko tukunyar oksijin, bin jini a ɗakin gwaji da neman fayil a mayar wa masu dako da ma'aikatan kati. Wadda ta yi kuskuren magani kuma ta kawo kanta, kada a tsire ta a gaban jama'a. Yi mata haka sau ɗaya ya isa ya koya wa sauran su riƙa ɓoyewa.

Tambaya: Wani ya mare ni saboda na fara duba wanda ya zo bayan mahaifinsa. Aka ce in yi haƙuri, yana cikin tashin hankali. Tun ranar, da na ga taron 'yan'uwan marar lafiya sai hannuna ya kama rawa. Haka za mu zauna?
Daga wani Malam nas a Bauchi

Amsa: A'a, Malam. Yafiya taka ce, in ka ga dama ka yi, amma rahoto haƙƙin waɗanda za su gaje ka ne a teburin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya suna fuskantar duka a wani lokaci na aikinsu, zagi da barazana kuwa sun fi haka nesa.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu huɗu ne suka fi kunna wutar: jira ba bayani, ganin an tsallake layi, maganar kuɗi, da labarin mutuwa. Na biyun shi ya same ka, kuma maganinsa allo ne. A tsarin tantancewa na Afirka ta Kudu, ana ba kowa launi gwargwadon tsananin ciwonsa: ja nan take ake ganinsa, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa ɗaya, kore cikin awa huɗu. A rubuta wannan da Hausa, boko da ajami, a bakin ƙofa, a kuma gaya wa kowa launinsa da baki. Marar lafiya ɗaya, mai jinya ɗaya, sauran su jira a waje, a nemi babban cikinsu shi za a riƙa yi wa bayani.

Kuɗi ya fi wuya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ƙin ba da agajin gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar 2017 ta wajabta kula da mai raunin harbi ko babu takardar 'yan sanda. Amma nas ake bari ya ce "je ka sayo kanula da ruwa". Ku nemi hukuma a rubuce ta ajiye kayan awannin farko a sashen, a yi aiki da su a biya daga baya.

Idan mutum ya fara ɗaga murya, ka tsaya nesa da inda hannunsa zai kai, ƙofa tana bayanka ba bayansa ba, hannuwanka a bayyane. Mutum ɗaya ya yi magana. Ka kira shi Alhaji ko Baba, ka sassauta murya, ka faɗi abin da za a yi da lokacinsa. "Kwantar da hankalinka" ƙara tunzura mai fushi take yi. Ku ajiye wata kalma a tsakaninku wadda in an faɗe ta za a kira masu gadi. An nuna makami, ka fita. Labarin rasuwa kuma ba a ba da shi a tsaye a kan hanya: a ɗaki, a zaune, ma'aikata biyu, ga babban dangin.

Marin da aka yi maka, ka rubuta shi da rana da lokaci da shaidu, likita ya duba ka ya rubuta a kati, ka kai kwafi ga reshen ƙungiyarku ta nas-nas da ungozoma, NANNM. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da raunin jiki da damuwar da aiki ya jawo, kuma tana son a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, don haka ba a jinkiri. Rawar hannun idan ta wuce wata ɗaya, amsa ta gaba ta shafe ka.

Tambaya: Sati biyu da suka wuce aka kawo mana mutanen da gobarar tankar mai ta ƙona. Har yanzu ina ganinsu a mafarki. Ba na iya wucewa ta wurin mai tsire, ƙaurin babbaka yana sa ni amai. An ce za a tara mu kowa ya faɗi abin da ya gani. Ba na so.
Daga wata ƙaramar Sista

Amsa: Sannu, 'yar'uwa. Mafarki, firgita, amai da gudun duk abin da ke tuna miki abin, a makonnin farko martanin lafiyayyen mutum ne ga abin da ya fi ƙarfin ido. Ga yawancin mutane yana raguwa da kansa cikin wata ɗaya.

Kina da gaskiya da kika ƙi taron. An gwada irin wannan zama na sau ɗaya da ake sa kowa ya zayyana abin da ya gani, aka ga ba ya hana ciwon firgici, wasu ma yana ƙara musu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawararsa. Zama don duba aiki daban ne: me ya ƙare, wa ya makara, me za a tanada. Wannan ki halarta. Abin da ke taimako shi ne barci, abinci, zama cikin mutanenki, da mutum ɗaya da za ki yi wa magana in kin so, daidai yadda kika so. Ki ci gaba da zuwa aiki idan kina iyawa, amma a ɗauke ki daga wankin ƙuna na ɗan lokaci. Kada ki sha diazepam ko danginsa. An hana ba da su don irin wannan a watan farko. Idan hoton ya taso miki a tsakiyar aiki, ki dafa bango, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, na minti biyu.

Idan wata ya cika abin bai ragu ba, ko tun yanzu ya hana ki aiki da barci gaba ɗaya, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. Akwai magani ta hanyar zaman tattaunawa da aka tsara don wannan, galibi zama 8 zuwa 12.

Tambaya: Matata nas ce a sashen gaggawa. Tana dawowa ta shige ɗaki, ba hira, abu kaɗan ta fashe da faɗa. Ko na yi mata laifi ne?
Daga wani magidanci a Katsina

Amsa: Da wuya, Malam. Wadda ta wuni tana amsa kiran mutum talatin, shiru take nema kafin komai. Ka ba ta rabin awa bayan ta shigo ba tambaya ba aike. Ka nemi kwafin rostarta ka manna a bango, ka zama kai ne mai tare mata ƙofa ranar da ta kwana a aiki, har da danginka. Idan ta fara ba da labari ka saurara kawai, kada ka ce "to ki bar aikin mana". Amma in ka ga ta rame, ta daina abin da take so, tana kuka ba dalili sati biyu ko fiye, ka raka ta wurin likita da kanka.

Tambaya: Ina zargin abokiyar aikina tana yi wa kanta allurar pentazocine mai kashe zafi. Lissafin kwalabe ba ya cika a dutinta. Tana da yara uku, ba na so in zama silar korarta. In rufa mata asiri?
Daga wata Sista a Kaduna

Amsa: Sista, shirun da kike kira rufin asiri mutum biyu yake cutarwa. Na farko marar lafiyar da aka rubuta an yi masa allurar kashe zafi alhali bai samu ba. Na biyu ita kanta. Pentazocine yana kama mutum da sauri, kuma sau da yawa ana fara shi ne don ciwon baya ko neman barci bayan duti. Yawan yin sa yana taurara tsokar cinya da ɗuwawu, yana buɗe gyambon da ke ƙin warkewa. Sauran alamun su ne son riƙe makullin kabad ɗin magani, neman dutin dare da kanta, daɗewa a bandaki, yawan cewa kwalba ta fashe, da marasa lafiyarta da ke ci gaba da kukan ciwo bayan an rubuta an ba su.

Zargi dai ba tabbas ba ne, don haka kada ki kai maganar ɗakin hutu. Ki same ta ita kaɗai, ki faɗi abin da idonki ya gani ba abin da kika yanke ba: "Kwalba biyu sun ɓace a dutinki sau biyu, kuma na ga ba kya jin daɗi. Ina so mu je wurin shugaba tare." Ki ba ta kwana ɗaya ko biyu. In ta ƙi, ki je ke kaɗai, da rana da adadi a rubuce. Ita shugabar aikinta ne ta karɓe makullin, ta sa ƙirga magani da sa hannun mutum biyu a duk miƙa duti, har da zubar da ragowar kwalba a gaban shaida, ta kuma tura ta magani kafin a fara maganar horo. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri suna kula da masu wannan matsala, haka ma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi sirrin mai neman magani. Kada ta yi ƙoƙarin yankewa ita kaɗai a gida, musamman in tana haɗawa da diazepam ko tramadol.

Kafin a kai ga wannan, ki san inda naloxone, maganin da ke karya ƙarfin irin wannan allura, yake a sashenku, ki duba ranar lalacewarsa. Idan kika same ta a sume, numfashi ya yi ƙasa da goma a minti, ƙwayar ido ta tsuke, ki kira taimako, ki buɗe mata hanyar iska, ki ba ta oksijin da jakar numfashi, a yi mata naloxone. Kada a bar ta ita kaɗai bayan ta farfaɗo, don ƙarfin naloxone yana iya ƙarewa cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi, tun allurar da ta yi ba ta sake ta ba.